Fulogin Malam Rufa'i

A daminar 1957 aka yi wata iska a Burumburum wadda ta tuge babban maɗacin da ke bakin rijiyar gari. Da zai faɗi kuwa, sai ya kwanta a kan bakin rijiyar ya rufe shi ruf. Maza suka fito da gatura suka sassare rassan, amma da aka zo kan gangar jikin, sai gatari ya riƙa tsalle yana dawowa. Aka ɗaura igiya aka haɗa da bijimai, ko motsi bai yi ba. Mata suka koma ɗiban ruwa a rafi, ruwa ja wur, ba a jima ba yara suka fara ciwon ciki.

Akwai wani mutum a garin, Jibrin, wanda ya yi shekaru yana lebura a wurin haƙar kuza a Riruwai. Da kamfanin ya tashi, sun bar tarkace, ciki har da wani zarton inji da ya mutu. Jibrin ya ɗoro shi a jaki ya kawo gida, ya jingine a zaure, har kaji suka mai da shi wurin kwana.

Wata rana matarsa Safara'u ta dawo daga rafi, ta sauke tulu tana haki, ta ce, "Malam, wannan ƙarfen da ya cika mana zaure, ba kai ka ce itace yake ci ba?"

Jibrin ya jawo injin tsakar gida, ya wanke shi da kananzir. Ya tarar sarƙar ta tsinke a wuri ɗaya, haƙoranta sun dakushe, fulogin kuma ya tsage.

Ya ɗauki sarƙar ya kai wa Zailani maƙeri. Suka gwada haɗa ta da guntun sarƙar keke, ta yi kaɗan. Zailani ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Ban taɓa ganin irinta ba, amma dai ƙarfe ce." Ya sa ƙusa a wuta, ya buge ta a kan uwar maƙera, ya ɗinke wurin. Ta farko ta matse har gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa, ya cire ya sake wata. Sannan ya zauna da magagari yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

Fulogi ne ya gagara. Ranar kasuwar Tudun Wada Jibrin ya bi direbobin manyan motoci, wani ya ba shi wani tsohon fulogi, da ya zo gida ya ga ya fi ramin kauri. Ya tafi har Bebeji wurin mai injin niƙa, mutumin ya yi dariya ya ce injinsa na gas ne, ba ruwansa da fulogi, sai dai ya nufi Kano. Ga shi ruwa ya yanke hanya, mota ba ta wucewa. Ya dawo ƙafafu a kumbure.

Yana zaune a ƙofar gida da injin a gabansa, sai ga ƙarar babur. Malam Rufa'i ne, malamin daji, wanda labarin maɗacin ya kai masa. Jibrin ya miƙe zumbur, don kowa ya san ba a taɓa maɗaci sai da izini, ga shi har an sare rassa.

Suka gaisa. Malam Rufa'i ya je ya dubo rijiyar, ya tsaya ya ga matan da ke hawowa daga rafi, ya dawo ya tsuguna gaban injin.

"Me ya hana shi tashi?"

"Ranka ya daɗe, fulogi ne. Na nema har Bebeji."

Malam Rufa'i ya karɓi tsagaggen ya duba, ya miƙe ya ɗauko sifana, ya kwance na babur ɗinsa, yana hura yatsunsa don zafi. Ya miƙa wa Jibrin. Fulogin ya shiga ramin daidai, kamar don shi aka yi. Malam Rufa'i ya kuma tsiyayo masa fetur daga tankin babur, suka gauraya da baƙin mai.

Jibrin ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari. Da ya ƙara ja da ƙarfi, sai ya ɗauka da wata irin ƙara, kaji suka watse, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Safara'u ta leƙo ta katanga tana guɗa.

Jibrin ya kashe shi, ya ce, "To, ranka ya daɗe, kai fa? Da me za ka tafi?"

"Ina da aiki a Doguwa gobe. Ƙafata lafiya lau take. Ka shigar min da babur ɗin zaure, kada ruwa ya dake shi." Ya rataya jakarsa ya kama hanya.

Injin na mutum biyu ne, Jibrin a gindi, Zailani ya riƙe ƙarshen. Suka yi ta yanka gunduwa-gunduwa, jama'a na mirginewa gefe. Sarƙar ta sake tsinkewa a tsakiyar aiki, Zailani ya koma maƙera ya ɗinke. Da aka ɗaga gunduwar ƙarshe, aka yashe ganye da ƙasa, aka zura guga, wata tsohuwa ta ɗanɗana ruwan ta fashe da kuka.

Ranar da Malam Rufa'i ya dawo, takalmansa sun yi kaca-kaca da laka, ya tarar an wanke babur ɗin, an mayar da fulogin, an kuma ɗaure masa zabi da ƙwaryar man shanu a baya. Ya ce a kwance su, shi bai yi komai ba. Liman ya ce ba mai kwancewa. Jibrin ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifa." Jama'a suka amsa da amin, suka raka shi har bayan gari.