Ciwon Aro

Da Dutum baduku zai tafi Khartum a yi masa aikin zuciya, babu gidan da bai shiga neman gafara ba a unguwarsu da ke garin Abeshe. Matarsa Ashta ce ke riƙe da shi, don a lokacin ko zaure ba ya iya ƙetarewa sai ya tsaya ya yi haki. Aka yi kuka, aka yafe masa, har waɗanda bai taɓa yi wa laifi ba. Maƙwabcinsa Hamat, wanda suka shekara ba sa gaisawa saboda rigimar katanga, ya rungume shi ya ce ya bar masa katangar duniya da lahira.

Sai Dutum bai mutu ba.

Likitocin can suka buɗe ƙirjinsa, suka cire wata 'yar ƙofa da ta lalace a cikin zuciyar, suka sa masa ta ƙarfe. Ya dawo da ƙafarsa, ya yi kumatu, ƙirjin yana ƙas-ƙas kamar agogon hannu. Wansa Annadif, babban gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya kayar da bijimi. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka ci tuwon gero da miyar kuɓewa har aka rasa mai ci. Annadif ya miƙe a gaban malamai ya ce, "Ku shaida, ƙanena ya warke. Ciwo ya ƙare, kada a sake ambatonsa a gidan nan."

Ashta tana bayan zana tana kwashe tuwo, ta ji shi. Ita ta yi jinyar, ita kuma likita ya tsayar a bakin ƙofa ranar sallama. Ya ce mata ƙwayar tsinka jini kullum ce, babu fashi, sannan bayan damina a dawo da shi a auna jinin a duba ƙarfen. Ya ƙara da cewa in ta ji ƙarar ta canza, kada ta jira damina.

A rumfar dukawa kuwa har an raɗa masa suna.

"Agogo, la'asar ta yi ne?"

"Matso ka sa kunne. Amma ka fara wanke shi, ƙarfen nan na ƙasar waje ne."

Duk wanda ya yi baƙo sai ya kawo shi ya saurara. Dutum yakan ɗage riga ya nuna ɗinkin, ya ce da shi aka ba wa aikin da ya fi haka kyau, don shi ko takalmin yara ba ya ɗinkawa a karkace.

Damina ta wuce. Ran nan Ashta ta kawo masa shayi ta zauna a gefen tabarma.

"Baban Sadiye, an yanke gero fa."

"Na gani. Zuciya suka taɓa, ba ido ba."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce, Yaya ma ya ce. Da wanne zan haɗu a masallaci?" Ya kurɓi shayin. "So kike in sake bin gida-gida ina ku yafe mini? Mutanen nan sun yi kukansu, sun ci bijiminsu. Hamat ya bar mini katanga. In na koma masa, cewa zai yi wannan karon gidan nake so."

Ta yi dariya, don maganar da ban dariya, amma ba ta sha shayinta ba.

Ba a daɗe ba ƙarar ta fara dushewa. Da, in ya kishingiɗa bayan azahar tana jin ta daga madafa. Yanzu sai ta kawo kunne kusa, ta ji ta can ciki kamar an lulluɓe ta da tsumma. Ya koma ajiye basilla a tsakiyar ɗinki yana kallon ƙasa. Gwaggonsa Hajje Toma ta zo ta saurara, ta ɗago da murna.

"Alhamdulillahi! Jiki ya karɓi ƙarfen, nama ya rufe shi. Ba na ce muku ba?"

Ashta ta je ta durƙusa gaban Annadif ta faɗa masa abin da likita ya ce. Ya saurare ta har ta gama, don ba mugun mutum ba ne.

"Ashta, kada ki jawo masa ciwo da baki. Mun gode wa Allah a gaban jama'a. Yanzu mu koma mu ce Masa ba mu tabbata ba?"

Ta dawo gida, ta daka gero, ta tankaɗe, tana ta juya abin a ranta. Da Dutum ya dawo daga kasuwa ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"In kai ba za ka yi ciwo ba, ni zan yi."

"Ki yi me?"

"Ciwon zuciya. A ce a kai ni Khartum, kai ka raka ni. Mai rakiya ba ya neman gafarar kowa. In mun isa, kai ka hau gadon, ni in riƙe maka takalmi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke? Ke da kike saɓa buhun gero kamar jariri?" Da tarin ya lafa ya dube ta. "To, Allah ya ba ki lafiya," in ji shi.

Ba ta sha wuyar koyo ba, ciwon da ta yi jinya ne. Ta san inda ake tsayawa a dafa bango, ta san yadda ake kama haƙarƙari, ta san mai wahalar numfashi ba ya kwanciya sai a jingine. Ta saki tulu a bakin famfo a gaban mata, ya fashe, ta zauna a cikin ruwan. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Wasu suka ce a wajen jinya ta kwaso. Hajje Toma ta ce tun tuni ita ta ga idon yarinyar nan ya faɗa, ba ta dai so ta yi magana ba ne.

Ita ma aka zagaya da ita neman gafara. Dutum ne ke riƙe da hannunta, amma ita ke ɗauke da nauyinsa, kuma duk inda ta tsaya ta dafa bango don shi ta tsaya. Mutane suna kallonsa yana haki suna cewa, "Allah sarki, dubi yadda damuwar matarsa ta cinye shi." 'Yarsu Sadiye ta zo daga gidan mijinta da goyo ta faɗa jikin uwar tana kuka. Wannan kukan ne Ashta ta kasa haɗiyewa, har ta yi nata na gaske.

Ana gobe mota za ta tashi, Annadif ya tara dangi a tsakar gida.

"Na yi tunani," ya ce. "Dutum ba zai je ba."

Ashta ta ɗago kai.

"Mutumin da Allah ya tsamo mana daga wannan hanya, mu sake jefa shi ciki? Kwana da kwanaki a bayan babbar mota, ga rana, ga shingen bincike. Ku dube shi, tun ba a tashi ba ya rame. Bashar ƙaninta zai kai ta, yaro ne mai jini a jika."

"Yaya," in ji Dutum, "ni na san hanyar, na san asibitin."

"Ita ma ta sani, ai ita ta kai ka. Ka zauna ka huta, wanka bai mutu ba."

Dangi suka yi ta sa wa Annadif albarka, suna cewa da kowa zai sami wa irinsa da duniya ta zauna lafiya. Ashta ta kafe mijinta da ido. Shi kuwa yana ta tsinkar bakin tabarma.

"Yadda ka ce, Yaya."

Suna shiga ɗaki ta juyo masa.

"Bakinka ɗinke shi aka yi? Kalma ɗaya fa!"

"Ke ki faɗe ta. Ga su can ba su watse ba. Fita ki ce ƙarya kika yi, ki mayar wa Gwaggo hawayenta, ki mayar wa Sadiye nata."

Ta kai bakin ƙofa, ta ɗaga labule. Ta hango Hajje Toma tana ƙulla mata busasshen nama da dabino a tsumma tana share ido. Ta saki labulen. Ta ce a ranta, bari dai ta je, ta gaya wa likita, ta karɓo magani. Ai tafiyar ba za ta tashi a banza ba.

A tasha Dutum ya miƙa mata butar ruwa ta saman mota.

"Ki gaishe mini da masu ƙarfen. Ki ce musu kayansu yana nan, ba mu sayar ba."

Suka bi ta garin Adire, suka ƙetare iyaka, suka yi ta tafiya har ƙafafunta suka kumbura don zama, Bashar yana yi mata fifita yana tofa mata addu'a. A asibitin aka shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'ura. Likitan, wanda ya sallame su wancan karon, ya daɗe yana kallon allo.

"Baiwar Allah, zuciyarki ta fi tawa lafiya. Wa ya ce ki zo?"

Ta kwance bakin mayafi ta miƙa masa katin Dutum.

"Ina mai katin?"

"Yana gida."

"Ke kuma fa?"

"Ni na zo masa."

Likita ya cire tabarau ya ajiye. Bashar ya saki baki yana kallon yayarsa. Ta gaya musu komai, bijimin da tulun da taron dangi. Da ta zo kan ƙarar da ta dushe, likitan ya katse ta. Ya ce jini ne ke daskarewa a jikin ƙarfen, ƙofar tana neman maƙalewa, kuma ba abin da ƙwaya za ta yi daga nesa. A kawo shi yanzu, ko ta sama ko ta ƙasa.

Suka fito ƙarƙashin wata bishiya, Bashar ya kira Annadif ya ba ta wayar.

"Ashta! Me suka ce?"

"Ni lafiyata ƙalau, Yaya, amma..."

"Allahu akbar! Gwaggo! Sadiye! Sun ce ta warke!"

Guɗa ta cika wayar. Ashta ta ɗaga murya har masu wucewa suna waiwaye.

"Yaya, ka saurare ni! Ban taɓa ciwo ba, ƙarya na yi! Baban Sadiye ne ba lafiya, ku sa shi a mota yau!"

Ta ji Annadif ya juya yana gaya wa na kusa da shi. "Kun ji 'yar halak? Yanzu ta tashi daga gadon asibiti, amma mijinta take tunani."

Ta ce a ba ta Dutum. Aka daɗe kafin ya karɓa, ta ji numfashinsa kafin ta ji muryarsa.

"Na ji, Ashta, kowa ma ya ji, ba sai da waya ba. Ki dawo tukuna. In na taso yanzu sai mu yi saɓani a daji. Ki zo ki ɗauke ni, ke kika san hanya."

Ranar da suka iso, tun daga bakin layi ta ga hayaƙi. Annadif ya yanka rago, an baza tabarmi, malamai sun zauna. Mata suka rufe ta da guɗa suna shafa fuskarta, suna cewa wallahi har ta yi haske. Ta ture su ta wuce. Dutum yana jingine da bango a cikin sabuwar riga, leɓunansa sun yi duhu, ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmin da ya ɗinka wa kansa.

A nan gaban malamai ta faɗi abin da za ta faɗa, ba ta rage komai ba. Bashar ya rantse ya ce da kunnensa ya ji likita. Annadif ya dubi ƙanensa, ya dube shi sosai, kamar rabonsa da ganinsa tun ranar bijimi.

"Dutum, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka riga ka yi magana a gaban mutane."

Annadif ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Can ya ce a nemo mota. Aka je tasha aka dawo, aka ce wadda ta kawo su Ashta sai ta yi lodi, sai ranar kasuwa. Dutum ya ce hakan ma ya yi, dama ba ya tashi ya bar baƙi da nama a gaba. Ya sa aka zuba wa malamai, ya ce a ƙara wa Hamat.

Bai kai ranar kasuwa ba. Da hantsi ne, Ashta tana ɗaure musu kayan tafiya, ya ce ta ba shi ruwa. Kafin ta juyo da moɗa ya zame ta gefe.

Mata suka cika gidan, har da na unguwannin nesa waɗanda ba su zo cin ragon ba, ba su kuma ji abin da aka faɗa a wurin ba. Ashta tana zaune a lungu cikin farin mayafi, suna shigowa suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta riƙe.

"Ikon Allah, 'yar nan. Ke da muka cire rai da ke, ga ki zaune. Shi da ya warke sarai, dubi. Yaya ƙarfin jikin naki?"

"Da sauƙi," in ji Ashta.

"Ki dai riƙa komawa suna duba ki. Ciwon zuciya ba a yi masa wasa."