Kunnen Mai Inji

Mai Inji ba a haife shi kurma ba, da hannunsa ya sayo abinsa. Ranar da ya kafa injin niƙa a ɗan shagonsa na bakin kasuwa, abin da ya fara yi shi ne kwance salansa mai rage ƙarar injin ya jefa bayan ƙofa. Haka ya ga maigidansa da ya koya masa sana'ar yana yi. Wai in an toshe wa inji baki ba ya ja, kuma ƙarar ita ce talla, mace tana tsakar gidanta za ta san an buɗe. Aka kuwa yi ta zuwa da kwanuka.

Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ta ce ko auduga ya riƙa cusawa, ya ce da kunne ake gane farantin niƙa ya cinye. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kamar mutanen farko.

Ba a ce bai samu ba. Ya gina gida na siminti, ya aurar da 'ya'ya cikin rufin asiri. Kunne dai ya riƙa zarewa a hankali, da fari sai an maimaita masa magana, daga baya sai an taɓa shi. Ko a jikinsa, don Allah ya ba shi mace mai murya. In ta ce abinci ya sauka, har maƙwabta sun ji. Jikoki suna tsokanarsa wai a gidan Kaka hira da faɗa ba a rabe su.

Sai ciwo ya kama ta a maƙogwaro. Aka je asibiti aka dawo, muryar nan ta koma kamar zare. A lokacin ne Mai Inji ya fara jin tsoro, don ita kaɗai ta rage masa da yake ji a duniya.

Ran nan da hantsi ta yi wa babbar 'yarsu alama ta fita ta ja ƙofa. Ta kamo hannun rigarsa, ya sunkuya har kunnensa yana taɓa leɓenta. Yana jin ɗumin numfashinta, ya san magana take yi, doguwa kuwa, tana hutawa tana ci gaba. Amma a kansa ba komai sai kukan injin da ya daɗe da sayarwa. Ya juya ɗaya kunnen, duk kanwar ja ce.

Da ta gama ta zuba masa ido tana jira. Ya yi niyyar kiran 'yar, ya tuna da kanta ta fitar da ita. Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, ya gyaɗa kai.

"To. Na ji."

Fuskarta ta canza. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na gangarawa cikin kunnenta, sannan ta saki rigar ta juya wajen bango. Ashe tambaya ta yi. Ya roƙe ta ta sake faɗa, bakin bai ƙara motsi ba. Kafin la'asar ta cika.

Bayan an yi jana'iza an watse, 'yar ta durƙusa gabansa, ta ɗaga murya yadda uwarta take yi.

"Baba, me ta ce maka?"

Ya dube ta, idonsa jajir.

"Ke ba ki tsaya a bakin ƙofa ba?"

Ta girgiza kai. Ta ce shi ya hana su laɓe tun suna yara.