Gishiri a Gahawar Hikmet Bey

Wata ƙungiyar agaji ta masu shuɗiyar riga ta tara mu matan Halab da muka gudo daga Siriya a ofishinta na Antep a Turkiyya, wai za a koya mana zama da Turkawa. Mu da muka yi shekara da shekaru muna shanya a igiya ɗaya da su! Malamar kuwa, Madam Birgit, jiya-jiya ta sauko daga jirgi, ko burodi ba ta iya saye sai da tafinta. Ni dai biskit ne ya kai ni.

Maƙwabciyata Rudaina ce ta je da gaske. Mijinta ya rasu, ga yara, ga mai gidan da take haya, Hikmet Bey, ya fara cewa ɗansa na son ɗakin.

Madam Birgit ta haska majigi, ta ce, "In Turkawa za su girmama baƙo namiji, gishiri suke zuba masa a gahawa. In ya shanye, an zama dangi."

Na ce, "Madam, a gidan wa kika sha?" Tafinta ya yi kamar bai ji ba.

A hanya Rudaina ta ce, "Ummu Samir, bar gatsen nan. Masu ilimi ne fa."

Ran Juma'a ta ari kofunana, ta gayyato Hikmet Bey da matarsa Nurten Hanum, ta zuba masa gishiri a gahawarsa. Ya kurɓa, ya ƙware, ya hau tari. Nurten ta fizge kofin ta ɗanɗana, ta miƙe tsaye.

"Ke! Mijina kike so? A gaban idona?"

Ashe budurwa ce ke zuba wa saurayi gishiri ranar da aka zo neman aurenta. Ina za mu sani? Wa ya taɓa gayyatar 'yar Siriya irin wannan zama? Unguwa kuma dama cike take da gulmar zawarawan Siriya masu ƙwace mazan mutane. Washegari kayan Rudaina suna titi.

Na je ofishin raina a ɓace. Madam Birgit ta dafe ƙirji. "Ayya! Amma a intanet na karanta." Ta ce za su shirya bita kan rashin fahimtar juna, in taho da Rudaina, akwai biskit. Tir!

Har yau hoton Rudaina na manne a ƙofar ofishinsu, tana murmushi da kofi a hannu. Ita da yaranta kuwa a kicin ɗina suke kwana.