Igwa a Kwali

"Malama, kwalin nan sai dai a sa shi a but," kwandastan ya ce, har ya kai hannu.

Ta janye kwalin ta rungume. "A cinyata zai zauna."

"Zinare ne a ciki?"

"Ko ƙasa ce, tawa ce. Sauke hannunka."

Ya yi dariya, ya bubbuga jikin bas, direba ya ja. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta ɗaga kwalin sama, ta kasa kunne ko za ta ji wani abu ya ɓalle a ciki. Dattijon da ke gefenta ya leƙa ta inda murfin ya ɗage.

"Iye, igwa! Har da tayoyi. Yau ɗan naki ba zai ci abinci ba don murna."

"Ba abin wasa ba ne, Baba," ta ce, ta danne murfin.

Na yayanta ne. Saje ne a rundunar igwa, shi ke saita ta kafin a harba, har ranar da wani abu ya fashe kusa da shi ya tafi da idanunsa duka biyu. An fara maganar sallamarsa daga aiki, sai tsohon malaminsa ya roƙa masa alfarma ɗaya: gobe da safe ya tsaya gaban sababbin ɗauka ya koyar da su sassan igwa. In ya iya, a bar shi a makarantar yana koyarwa. Ba wanda zai bar makaho ya riƙa laluben igwar gaske, don haka dole a samu wadda za ta zauna kan tebur, ƙarƙashin yatsunsa.

Ita kuwa sana'arta ke nan. A shagon da suke ƙera ƙananan samfuran gine-gine take aiki tun da ta gama karatu. Ta je neman zanen igwar, hafsan da ta tarar ya ce sirri ne, ya dube ta sama da ƙasa ya ƙara da cewa, "Ke kuma me ya haɗa ki da igwa?" Ta dawo ta ɗauki wayar yayanta, wadda ke cike da hotunansa shi da abokansa a jikin igwar. Ta san tsawon yayanta, da shi ta auna taya, da taya ta auna sauran. Makonni ta yi ba ta fita cin abincin rana, tana yankan roba da siraran ƙarafa, reza na yanka ta, gam na cin fatar yatsunta. Maigidan shagon kan wuce ya ce, "Ranki ya daɗe, yaushe za a fara yaƙin?" Ko kai ba ta ɗagawa.

A asibiti ta tarar da Umma tana ninke zannuwa, Yaya na zaune a bakin gado da baƙin tabarau, ya yi aski, ya sa riga mai guga.

"Auta ce," ya ce tun kafin ta yi magana. "Warin gam ya riga ki shigowa."

Ta jawo ƙaramin teburin cin abinci, ta fito da igwar a hankali ta ɗora. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ta kamo hannayensa ta aza a kai, sannan ta koma gefe tana murza yatsunta.

Ya fara daga hanci, ya bi bututun har ƙasa. Ya sami dogayen ƙafafun nan biyu da ake haɗewa a maƙala wa mota, ya buɗe su, suka buɗe. Ya taɓa zoben da ake ja da shi. Ya murza taya, ta juya.

"Kai, Auta! Har da fartanyar da ke kama ƙasa? Umma, yarinyar nan mayya ce."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Umma, tana dariya tana share ido.

Sai hannunsa na hagu ya gangara gefen hagu na igwar, ya tsaya. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa. Murmushin ya ragu.

"Ina madubin saiti?"

"Ga shi nan, ɗaya gefen." Ta kai yatsansa dama.

"A hagu yake."

"A dama yake, Yaya."

"Auta, a nan nake tsayawa. Madubi a hagu, sitiyarin juya hanci a ƙarƙashinsa."

"Hotunanka na bi, ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙusar da na sa da ka. Tun da nake ban taɓa kai aiki an dawo mini da shi ba. A kowane hoto a dama yake."

Ya janye hannayensa daga kan igwar, ya ɗora a gwiwa.

"A kowane hoto?"

"Kowanne."

"Likita ya ce buguwar da kaina ya yi..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga hannu ɗaya. "Umma, wannan ne haguna?"

"Shi ne mana, ɗan nan. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To ina ganinta a kaina sarai, kamar yanzu. In abin da nake gani a ciki ma ƙarya ne, me ya rage mini?" Ya juya fuska wajen bango. "Auta, kira Malam. Ki ce kada su jira ni gobe. Ba zan je yara su yi mini dariya ba."

Ta zaro wayarsa daga jaka, ba ta ma san ko don ta kare kanta ba ne ko don ta cece shi. Ta buɗe hoton da ta fi aiki da shi: ga shi yana dariya, ga igwar a bayansa, ga madubin a dama, babu ko tantama. Ta dubi hoton, ta dubi mutumin da ke kan gado. Ta sake duban hoton.

Akwai tabo a haɓarsa, wanda ita ta yi masa da murfin gwangwani suna yara. A kan gadon tabon yana gefe ɗaya. A hoton yana ɗaya gefen.

"Yaya," ta ce, "da wace kyamara kake ɗaukar hotunan nan?"

"Ta gaba. Ta bayan ai ta daɗe da fashewa." Bai juyo ba.

Kamar madubin duba fuska kyamarar gaba ke ajiye hotuna, hagu ya koma dama. Duk makonnin nan, igwar da ke cikin madubi ta ƙera, daidai wa daida, ba ta kuskure ko ƙusa ba.

Ta tsaya da wayar a hannu. Umma na kallonta. Cewa ita ta yi kuskure ba irin maganar da ta saba faɗa ba ce. Sai ta buɗe jaka ta ɗauko reza. Ta sa bakin rezar a gindin madubin saitin, wanda ta yi kwanaki tana gogewa, ta danna. Ya ɓalle da 'yar ƙara.

"Me kika karya?" ya ce da sauri.

Ta buɗe tafin hannunsa ta sa masa. "Kanka lafiya lau yake. Hotunan ne a juye, ni kuma na bi su ido rufe. Nuna mini inda yake."

Ya daɗe yana juya ɗan abin tsakanin yatsunsa. Sannan ya miƙa hannu, ba lalube, ya dafa shi a gefen hagu, sama kaɗan da taya.

"Nan." Ya ja dogon numfashi. Ɗaya hannun ya ci gaba da bin igwar. "Sitiyarin nan ma zai dawo. Hannun murfin baya shi ma a juye yake. Da akwatin nan. Da wannan."

"Duka?"

"Kusan duka, Auta. Za ki iya kafin safe?"

Ta dubi taga. Rana ta riga ta karkata. Ta dubi yatsunta, inda yankan jiya bai gama kamewa ba.

"Umma, kwashe kwanukan nan, teburin duka nake so." Ta jawo kujera ta zauna, ta gyara riƙon rezar. "Kai kuma kada ka ɗaga hannunka daga nan. Wanne ne na gaba?"