Ranar da Jini Ya Ƙi Jin Maganar Maliki

Maliki Wanzam ba ya yabon kansa sai ya sami mai saurare, kuma a Mai Wurno, garin Hausawan da suka yi hijira gabas suka zauna cikin Larabawa, bai taɓa rasa mai saurare ba. Abin da yake yabo ɗaya ne, hannunsa. Shekara arba'in da ɗoriya yana kafa ƙaho a rumfarsa ta bakin kasuwa, kuma a faɗarsa jini bai taɓa yi masa gardama ba. In ya tsaga ya fito, in ya shafe ya tsaya.

Gaskiyar da ba ya son a faɗa ita ce tabarmar rumfar ta daɗe tana hutawa. Mutane sun koma shagon Abdussalami, wani matashin wanzami a ɗaya gefen kasuwa, mai madubi da fanka da injin aski, wanda ke yin ƙaho da kofunan roba da ɗan famfon hannu. Maliki ya ce wanda bai tsotsa da bakinsa ba ai ba wanzami ba ne, mai ba taya iska ne. Ana dariya in ya faɗa, sannan a wuce shagon mai ba taya iskar. Wannan abu yana ci masa rai, don hannun nan shi kaɗai ya rage masa na tinƙaho.

Ranar sha bakwai ga wata da hantsi, ranar da dattawa ke so don ƙaho, sai ga Alamin. Manomi ne dogo, sa'an Maliki, abokinsa tun suna iyo a kogi ba wando. Duk shekara kafin damina yakan zo a rage masa mataccen jini.

"Sannu da hutawa, sarkin aska," in ji Alamin, yana cire jallabiya.

"Wane hutu? Yanzu mutum ukku sunka tashi."

"Na gane su. Kaji biyu da akuya guda."

Maliki ya yi tsaki, ya buɗe zabira. Ya kafa ƙaho huɗu a gadon bayan Alamin, ya tsotse, ya toshe, ya bari fata ta taso. Ya cire, ya yi tsaga siri-siri da 'yar askarsa, ya mayar. Suna hirar ruwan da ya yi jinkirin shiga magudanar gona da tsadar irin dawa, har lokaci ya yi.

Da ya ɗaga ƙahon farko, abin da ya gani bai yi masa ba. Jinin ƙaho yakan fito a dunƙule, baƙi kamar hanta, a juye shi a rufe da ƙasa. Wannan kuwa tsararo ne. Ya goge, tsagar ta sake cika. Ya sake gogewa, ta sake cika. Ya cire sauran ukun, duk haka. Ya barbaɗa garin bagaruwa, jini ya wanke shi. Ya danna da tsumma, ya karanta abin da mahaifinsa ya koya masa, ya tofa, ya ɗaga tsumma. Jinin dai yana gangarowa a hankali, ba gaggawa, kamar bai ji komai ba.

Nan take Maliki ya gane. Kowane ɗan wanzamai ya san zancen: in wanzami yana hassadar ɗan'uwansa, yakan kwance masa jini, a yi ta dannawa ya ƙi tsayawa, don a kunyata shi a gaban jama'a. Maliki ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, shi kuma daga kakan da ya zo daga Sakkwato da ƙafa. Bai taɓa gani da ido ba, amma ya yi shekara arba'in yana jira. Kuma jiya-jiya Abdussalami ya wuce ta nan, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, har ya kalli zabira.

"Maliki," in ji Alamin a hankali, "akwai abin da nike so in hwaɗa ma."

"Yi shiru. Wanga ba zancen manoma ba ne."

"Ai dai ka saurara..."

"Na ce ka yi shiru! Na san wanda yay yi."

Ya ƙwala wa Usmanu tela, maƙwabcinsa, kira, ya damƙa masa tsumma ya ce ya danna kada ya ɗaga. Sannan ya ratsa kasuwa da hannu jina-jina, ta tsakanin masu albasa da masu gawayi, mutane na darewa. Wasu suka bi shi, don dattijo mai irin wannan sauri ba a barinsa ya tafi shi kaɗai.

Ya tarar da Abdussalami ya aske wa wani rabin kai.

"Ɗaure abin da ka kwance!"

Abdussalami ya kashe inji. "Baba Maliki, lahiya? Mi na kwance?"

"Kada ka maishe ni yaro. Ni na yi ma ubanka kaciya. Jinin Alamin ya ƙi tsayawa, kuma kai ka san dalili."

Maliki ya zaci zai ga tsoro ko murmushin mugunta. Abin da ya gani a fuskar yaron tashin hankali ne zalla.

"Baba Alamin? Ka tambaye shi ko shina shan ƙwayar siyula?"

"Ƙwayar mi?"

"Ta tsinka jini, Baba! Ni kowa yaz zo sai na tambaya kahin in taɓa shi. Tun yaushe shike zuba?"

Bai ma jira amsa ba. Ya jefar da inji, ya fita a guje yana kiran mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa ukku, ya bar Maliki tsaye da jama'arsa da mutumin mai rabin kai.

Suka ɗauko Alamin daga rumfa suka nufi asibiti. A cikin rakshar Maliki ne a baya, ya dafe bayan Alamin da tafuka biyu, Abdussalami ya maƙale a gefen direba. Jinin yana da ɗumi, yana bi ta tsakanin yatsunsa. Alamin ya daina zolaya, ya jingina kai da ƙarfe. A nan ne tsoro ya kama Maliki, tsoro na gaske. Ya manta da sunansa da kasuwa da masu kallo, abokinsa kawai yake ji a ƙarƙashin hannunsa.

Likitar da suka samu a asibiti Diktora Lubna ce, 'yar garin, wadda ta yi karatu a birnin Madani har Larabci ya fi zama a bakinta. Maliki ne ya yi mata askin suna, kuma bai bari ta manta ba ko a wannan halin. Ta ce ta sani, ya matsa gefe. Ta ɗaure bayan Alamin tamau da bandeji, sannan ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu.

"Baba Alamin, ina ƙwayoyin?"

Alamin ya laluba aljihun wando, ya fito da wani ɗan kati da ya sha murza, bai kalli Maliki ba. Shekara biyu ke nan, in ji shi, tun da jini ya daskare masa a ƙafa aka kwantar da shi a asibitin birnin Sinnar. An ce ya riƙa zuwa awon jini duk wata. Zuwansa na ƙarshe kafin a yanke dawa ne.

Lubna ta ɗebi jini don awo, ta yi masa allura, ta ce bitamin K ce, sai an ba ta sa'o'i kafin ta yi aiki. Ana cikin haka Ramatu matar Alamin ta faɗo, mayafi na jan ƙasa, tana salati. Da ta ga mijinta zaune da ransa, sai ta juya ga likita don ta wanke kanta.

"Wallahi ni na yi nawa, ɗiyata. Tun da na ji an ce ɗanyen ganye na faɗa da maganinai, wata shidda ke nan ko lalo bai shiga tukunyata ba. Ba zogale, ba yakuwa, ba alayyahu. Ko gidan biki munka tahi, ni ke tsame mishi."

Lubna ta dafe kai. "Ya Inna Ramatu! Wa yac ce ki hana shi? Cewa anka yi shi ci daidai, kullum kwatankwacin na jiya. Kin cire ganye duka, ƙwaya ta samu fili."

Ramatu ta tafa hannu. Wata shida tana cin miyar kuɓewa busasshiya don soyayya.

Maliki dai bai gamsu ba. Hannunsa ne ake shari'a, ba zai fita ba sai ya ji hukunci. Ya ce a gaya masa mene ne haɗin miyar lalo da tsagarsa.

Lubna ta duba agogo, ta duba dattijon, ta ce ya ba ta carbinsa.

"Baba, jini ba shi daskarewa don kainai. Hanta ke ƙera wasu sinadarai, furotin muke ce musu, ta zuba cikin jini, su ke toshe rauni. Kowane guda awa carbin ga shike, 'ya'ya ne jere, sunansu amino asid. To in hanta ta gama jerawa, aiki bai ƙare ba. Wajen kan carbin akwai wasu 'ya'ya kamar goma da dole a ƙara ma kowane ɗan ƙugiya. Bitamin K ke sa a ƙara ta, kuma cikin ɗanyen ganye muke samunta."

"Ƙugiyar ta mi ce?"

"Ta kama kalsiyam, abin ga da ke cikin nono da ƙashi, akwai shi cikin jini. In ta kama shi, sai furotin ɗin shi manne bakin rauni, shi kira na bayanai, na baya shi kira na baya, har a saƙa gudan jini. In ba ƙugiya, suna nan cikin jini dai, amma sai su zo bakin rauni su wuce."

Maliki ya juya zancen a ransa. "Watau 'yan gayya sun zo gona, ba kalmen noma."

"Tamam, haka ne! Ƙwayar Baba Alamin aikinta ta hana bitamin K ta yi ta juyawa cikin hanta, don ƙugiyoyi su ragu kaɗan, kada jini shi sake daskarewa cikin ƙahwa. Kaɗan muke so. Shi kuwa ba awo, ba ganye, sai sunka ragu da yawa. Allurar ga za ta ba hanta abin ƙera sabbi."

"To hannuna hwa? Ba wanda yat taɓa shi?"

"Hannunka lahiya lau, Baba. Bakinka ne bai yi tambaya ba."

Ya karɓi carbinsa. Ya kamata ya ji daɗi, ga shi an wanke hannun a gaban shaidu. Daɗin bai zo ba. Ya waiga ya ga Abdussalami tsaye bakin ƙofa, rigarsa ta ɓaci. Dattijo ya yi gyaran murya, ya nemi kalmar ban-haƙuri sama da ƙasa, bai saba riƙe ta ba.

"Fankar shagon nan taka," in ji shi, "tana da kyau."

"Na gode, Baba," in ji Abdussalami, kuma ya gane. Sai ya zaro ido, ya tuna da mutumin da ya bari da rabin kai, ya fita da gudu.

Bayan la'asar Lubna ta leƙa ƙarƙashin bandeji, ta ce ya tsaya, amma Alamin zai kwana biyu a gado a gyara masa ma'aunin ƙwaya. Ramatu ta tafi gida neman lalo da fuskar mai shirin rama wata shida a tukunya ɗaya, likita na bin ta da kira tana cewa kaɗan-kaɗan. Ɗakin ya rage daga Alamin, kwance rub da ciki, sai Maliki a kan kujera.

"Sun hana ka ƙaho?" in ji Maliki.

"Tun ranar farko."

"Bara hwa? Ai ka zo bara."

"Na zo. Sannan ina shan miyata, Allah ya rufa asiri."

"To don mi, bawan Allah? Kai yaro ne? Ka san an hana ka, ka kawo mini bayanka, ka yi shiru?"



"Garba ya rasu," in ji Alamin. "Hamid ya koma wajen yaron ga. Saifuddeen ɗiyanai sun ɗauke shi sun kai Madani. Na duba masu zo maka ranar sha bakwai, na ga saura ni. In na hwaɗa ma, ba ka taɓa ni. In na bar zuwa, ka shimfiɗa tabarma ka jera ƙahoni ka zauna, mutane na wucewa suna kallo. Ni ban iya ganin haka ba, Maliki."

 Duk shekarun nan Maliki yana zaton shi ke yi wa Alamin magani. Haushi ya kama shi, da kunya, da wata ƙauna da ba ta da wurin zama a bakin dattijo.

"Da ka mutu hannuna hwa?" ya ce. "Wa za shi zauna min sannan?"

Sai Maliki ya ɗora da cewa:

"Daga yau askata ba ta ƙara taɓa ka. Ko gemu. Ka bar shi shi kai cibiya."

"To mi za ni zo yi rumfarka?"

"Ka zo ka zauna. Wa yac ce maka bayanka nike so?"

Ya miƙe kafin Alamin ya ɗago ya ga fuskarsa, ya ce bari ya je ya wanke hannu, tun hantsi bai wanke ba. Famfon yana bayan ɗakin, ba nisa. Masu jinya da ke jiran layi da butocinsu suka ga dattijon ya daɗe a duƙe, ya gama da hannu ya koma fuska, ba wanda ya ce masa ya yi sauri.