Tashar da Mai Rediyo Ya Kamo

Ranar Litinin da rana tsaka Mai Rediyo ya rufe shago ya dawo gida yana dariya. Matarsa, wadda yake kira Gajera, ta saki baki tana kallonsa. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, sai an yi da gaske ake ganin haƙorinsa, yau ga shi yana taka rawa a bakin ƙofa.

"Gajera, an ambaci sunana a rediyo."

"A wace tasha, Maigida?"

"Ba ki san ta ba. Ta nesa ce, ni kaɗai na kamo ta."

Da wata mata ce da ta yi shakka, amma ban da matar mai gyaran rediyo. Ta sha ganinsa da guntun waya yana kamo tashoshin da ko yarensu ba a ganewa. Ya ce an sanar shi ne gwanin masu gyara na duniya, kuma ranar Alhamis za a turo mota a tafi da shi a karrama shi.

Murna ta hau kan Gajera. Kafin yamma maƙwabta sun ji, mai kanti ya ji, har yayarta ta ji, wadda tun farko ta ce a zamanin wayar hannu mai gyaran rediyo ba miji ba ne. Gajera ta wanke rigarsa ta fita kunya, ta goge ta sau biyu. Ranar Talata ta ƙona abinci ƙurmus, ta tsaya a kan tukunyar tana ƙyalƙyala dariya.

Shi kuwa kullum da sabon labari yake dawowa. Yana cikin cin abinci sai ya karkata kai, ya ce, "Madalla, na gode." Har ya ce mata mai gabatar da shirin yana gaishe ta, ya kuma yaba ɗaurin ɗankwalinta.

"Har ni?" in ji ta, ta ruga gaban madubi. Ba ta tsaya tambayar yadda rediyo ya ga ɗankwali ba. Wanda aka daɗe ba a yaba masa ba, ba ya binciken mai yabo.

Ranar Laraba yayarta ta zo, ta zauna a gefen kujera, ta ce, "Ke kin ji da kunnenki?"

"Yanzu kuwa zan je in ji, Yaya, in dawo in ba ki har da waƙar da suka sa."

Ta fita tana rangaji. A layin shagunan an ɗauke wuta, ko'ina tsit. Shagon nasa ɗan tsukuku ne mai warin dalma, rediyoyi jibge har rufi. Ta same shi a kan benci, ya kafa wani ƙaramin rediyo a kunne yana gyaɗa kai.

"Kin zo a kan gaɓa, maganarki ake yi," ya ce, ya miƙa mata.

Tun daga rashin nauyinsa gabanta ya faɗi. Ta juya bayansa. Babu murfi, babu batir, babu lasifika. Fanko ne, irin waɗanda yake cire wa kayan ciki ya jefa a kwali. Ta kara shi a kunne duk da haka, ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta.

"Kin ji?" ya tambaya, fuskarsa cike da farin cikin da ba ta taɓa gani ba.

Tsoro ya kama ta, tausayinsa kuma ya fi tsoron yawa. Ta so ta ce eh, ko don ta bar masa dariyar nan kwana ɗaya.

"Maigida, ban ji komai ba."

"Dama sun ce haka za ki ce," ya faɗa yana dariya. Sannan dariyar ta ragu a hankali. "Gajera, da gaske?"

"Da gaske."

Ta fita da fankon, ta ajiye shi can a bakin titi, ta dawo. Ya dubi hannunta, ya dubi ƙofa, ya toshe kunnensa ɗaya da yatsa.

"Ba su yi shiru ba," ya ce a hankali.

Ta ɗauki kwaɗon shagon da kanta, ta kama hannunsa.

"Tashi mu je wurin likita. In sun yi magana a hanya, ka riƙa faɗa mini, kada ka ji kai kaɗai."