Ranar da Auta Ta Riƙe Alli

Tun tana ƙarama Auta take jera kwalabe a tsakar gida tana koya musu karatu, har da tsawa. Babanta malamin firamare ne, ya tsufa da alli a hannu, kowa a layin Malam yake ce masa. Da ta gama sakandare, aka zo maganar abin da za ta karanta a kwaleji, ta ce ita koyarwa za ta yi.

Mahaifiyarta ta tsame hannu daga wanki. "Ɗaya bai ishe mu ba a gidan nan? Je ki dubi takalmin babanki tukuna."

Yayanta ya tuntsire da dariya. "Ƙyale ta, Mama. Dama mai tarin alli ɗaya ya yi mana kaɗan."

Malam ya dubi Auta ya ce, "Gobe ki shirya ki bi ni. Ki gani da idonki kafin ki yanke."

Makarantar ta kuɗi ce, can ya koma bayan ya yi ritaya. Ajin cike yake maƙil, allon ya koɗe, fankar sama ta daɗe da mutuwa. Ya miƙa mata alli ya koma jikin taga. Da farko ta yi inda-inda, sai kuma bakinta ya buɗe. Lissafin ragewa ta koyar da murafen kwalba. Wata yarinya a bencin baya, wadda aka ce ba ta taɓa magana a aji ba, ta ɗaga hannu a tsorace ta faɗi amsa daidai. Daɗi ya rufe Auta har ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta waiga ta ga babanta yana murmushi.

Bayan an dawo daga tara mai makarantar ya shigo ba sallama, wata mata mai ƙamshin turare tana biye da shi. Auta ta gane shi. Tsohon ɗalibin Malam ne, a gidansu ya koyi haɗa baƙi, kwano ɗaya suke ci da yayanta.

"Malam, kai ka ba ɗan Hajiya sifili?"

"Kwafa ya yi, yallaɓai. A gabana."

Yallaɓai! Kalmar ta soki Auta a ƙirji.

"Ba dalili na tambaye ka ba. Gyara masa, sannan ka ba ta haƙuri."

Malam ya laluba aljihu ya zaro jan biro, ya gyara makin, ya rusuna ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya." Matar ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗan nata kuwa ya juya ya yi wa abokansa gwalo.

Da aka tashi suka taho a ƙasa, rana tana dukansu. Da suka yi nisa ta juyo gare shi.

"Baba, me ya hana ka faɗa masa gaskiya?"

"Na taɓa faɗa, a wata makarantar. Kin tuna shekarar da muka koma ɗaki ɗaya?"

Ta tuna. An ce musu gyaran gida ake yi.

"Ka san za su zo yau?"

"Ba su da rana, 'yata. In ba ita ba, wani ne."

Ta tsaya ta dube shi. "To, na fasa."

Ta so ya yi mata gardama. Ta so ya tuna mata da yarinyar bencin baya, ya ce aikin yana da daraja duk da haka. Da ya faɗi ko kalma ɗaya, da ta janye maganarta a wurin. Sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Da kin nace, ban san yadda zan hana ki ba."

Haɗa magunguna ta karanta. Kafin ta gama aka sallami Malam, wai muryarsa ba ta kaiwa bayan aji. Yanzu tana aiki a wani babban kantin magani, mahaifiyarta tana alfahari da ita a ko'ina. In mai saye ya zo, sai ta tsaya tana yi masa bayani dalla-dalla, tana sa shi ya maimaita, har mai kantin ya leƙo ya ce, "Miƙa masa kawai, layi ya yi tsawo. Nan ba makaranta ba ce."